Kafin mu kai wa mai walda kariyar keke



Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kekunan da muka jingine a zaure suka dawo kan hanya. Daga Madachi zuwa cikin Rano ko Kibiya, malamin makaranta da ɗan kasuwa da ɗalibi duk sun koma taka feda. Da keke ya dawo, sai kariya ta zama abin magana, domin ita ce ke ɗaukar jarka da buhu da yaron da za a sauke a makaranta.

Ra'ayinmu shi ne mun cika auna kariya da kaurin ƙarfenta, muna mantawa da ƙafar da ke ƙarƙashinta. Mutum zai je wurin mai walda ya ce a yi masa ta rodi, wadda ko buhun masara aka ɗora ba za ta lanƙwashe ba. Haka ne, ba za ta lanƙwashe ba. Amma nauyin bai tsaya a kanta ba, yana sauka ne kan wayoyin ƙafar baya da ƙarfen tsakiyarta. A hanyar burji mai ramuka, wayoyin nan su ne ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ta karkace, burki ya daina kamawa sosai. Kuɗin da aka ƙi kashewa wajen ɗaure ƙafa da sababbin wayoyi, sai a kashe ninkinsa wajen mai gyara.

Mu yi lissafi. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne da ɗan ɗori. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Yawancin kariyoyin alminiyam da ke zuwa da kekunan gwanjo, kilo 25 ake bugawa a jikinsu, wato jarka ɗaya tak. Wadda ake maƙalawa a sandar sirdi kawai, ba ta da ƙafafun da suka sauka ƙasa, kusan kilo 10 ne iyakarta. Ta jakar littattafai ce, ba ta taki ba. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau kuwa, an ƙera su ne da ƙarfe tun daga jiki har ƙafa, shi ya sa suke jure abin da keken yayi mai giya ba zai jure ba. Har yau akwai irin wannan ƙira: keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rabawa a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, kariyarsa kilo 100 take ɗauka, amma fa ƙafar da wayoyinta duk an yi su ne daidai da wannan nauyi.

Don haka kafin a saya, a duba ko keken yana da ramukan noti kusa da tsakiyar ƙafar baya. Idan babu, kada a bari a yi walda a jikin keken alminiyam, injin mai walda na bakin hanya na ƙarfe ne. A duba kuma ko diddige zai riƙa bugun kaya idan ana taka feda.

Sai batun ɗaurin kaya, wanda masu jakuna suka riga mu sani. Mangala gefe biyu take rataya, nauyi ya yi ƙasa. Jarka biyu ƙanana a gefe da gefe sun fi babba ɗaya a sama sauƙin tuƙi, musamman a cikin rairayi. Robar tsohon tib ta isa ɗauri, muddin ba a bar bakinta yana lilo kusa da wayoyi ba.

Idan yaro za a goya, a sa masa wurin ɗora ƙafa, a kuma rufe gefen wayoyin. Diddigen yara da yawa a nan yake shiga.