Gonar Gandu: Wa Ke da Ita, Wa Ke Ci?

 Yau da tambaya zan fara: gonar da kakanki ya noma, a hannun wa take yanzu? Kin ma san iyakarta?

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, zamanin Daular Sakkwato, gidan manomi kan gandu yake tsaye. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza, har masu aure, gona ɗaya suke nomawa, daga hantsi zuwa azahar. Bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a can nasa ne. Hatsin gandu kuwa rumbun gida yake shiga.

Riƙon gandu nauyi ne, 'yar'uwa. Maigida ke ciyar da kowa, shi ke samar da garma da fartanya da iri, shi ke yi wa yaro auren fari, shi ke biyan kuɗin ƙasa. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci wuri 2,500 yake biya. Mai neman sabuwar gona kuma sai ya je wurin mai gari a nuna masa daji, ya sare, ya zama tasa da ta magadansa. Akwai aro, akwai jingina, akwai kyauta, amma duk yawanci da baki ake yi a gaban dattawa.

To mata fa? Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Danginta suna da rinji, bayi ne ke noma musu gandu. Wannan ɓangaren tarihin ba daɗin ji, amma gaskiya ne. A irin gidajen nan aikin matan gida shi ne daka, girki, kaɗi da 'yar sana'a. Su ke sarrafa abin da ya fito daga rumbu, amma ba kasafai ake kiran gona da sunansu ba.

Shari'a ta ba 'ya mace rabin kason ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumunin dukiya idan akwai 'ya'ya. Sai dai a ƙauyuka da yawa, maigida na rasuwa sai gona ta zauna hannun maza, a ce ai mace gidan wani za ta. A da, ɗan'uwan da ya riƙe gonar ya san in aure ya mutu ko miji ya rasu, ci da shanta na wuyansa. Yau gandu ya watse, ana yanka gonaki filoti-filoti ana sayarwa. Nauyin ya tafi, al'adar hana mata ta zauna.

Don haka kada kunya ta rufe miki baki. Tun dattawan da suka san iyaka suna raye, ki tambaya cikin ladabi. A kira malami ya raba, a rubuta, shaidu su sa hannu, a adana takarda. Ba rashin zumunci ba ne, kare zumuncin ne, domin rigimar gado kan 'ya'yanmu take faɗawa.

Ke a gidanku ya aka yi? An ba mata kasonsu, ko har yanzu ana cewa a bari tukuna? Ki ba mu labari a ƙasa, ba sai kin ambaci suna ba.