Rangwame Ga Mai Ciwon Ɓoye A Wuraren Wasa

Maganar yau a kan hakkin yaro marar lafiya ne wanda aka kai yawon Sallah. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali kuwa hakki ne mai nauyi.

Kowa ya san yadda Kano kan cika a kwanakin Sallah. Tun daga Rijiyar Lemo da Kurna har Fagge da Sabon Gari, yara kan ci ado, a cika A Daidaita Sahu da su. Waɗansu a nufi Gidan Zoo, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, waɗansu kuwa filayen wasa masu lilo da shillo da ƙananan motoci na lantarki. Ko ina aka je, abin da ake fara tararwa shi ne layi: na sayen tikiti a bakin ƙofa, sa'an nan na kowane abin hawa, galibi kuwa a tsakiyar rana. Ga shi a shekarun nan Sallah na faɗowa cikin bazara. Ƙaramar Sallah ta 2024 a watan Afrilu aka yi ta, ta 2025 a ƙarshen Maris, watau lokacin da zafin Kano kan kai awo 40.

To, a ɗauka ga wani mai shago a Kantin Kwari, mazaunin Rijiyar Lemo, yana riƙon ɗan ƙanensa mai shekara tara, wanda ke fama da amosanin jini, ciwon nan da ake kira sikila. Tun tsakiyar azumi yaron ke cewa, "Baffa, bana dai za a je da ni, ko?" Ran da aka je, sai a iske layi ya miƙe babu inuwa. Baffan ya matsa wurin mai tsaron ƙofa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, don Allah a taimaka, yaron nan ba ya jure rana." Mai tsaron ƙofa ya dubi yaro sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ai ga shi nan garau. Kowa ma haka yake faɗi." Daga nan abu biyu suka rage wa baffan: ko ya tsaya da yaron cikin rana ya sayi kwanan asibiti da kuɗinsa, ko ya juya da shi gida yana kuka 'yan'uwansa na wasa. Duka biyun zalunci ne a kan yaron, ko da babu wanda ya yi nufin zaluntarsa.

Mai tsaron ƙofa ba mugu ba ne, ido ne ya ruɗe shi. In ya ga gurgu a keke, ko makaho da ɗan jagora, ba sai an roƙe shi ba. Amma akwai ciwon da ba ya nuna a fuska. Mai amosanin jini ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su yi siffar lauje idan ƙishirwa ko gajiya ko tsananin zafi ko sanyi ya same shi. In sun lanƙwashe sai su toshe ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, ciwo ya sauka cikin ƙashi kamar ana sara. Yaron da ke dariya da hantsi yana iya kwana ana yi masa ƙarin ruwa. Wannan ciwo kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa ba tare da yana ciwo ba. Saboda yawansa ne ya shiga cikin gwajin da dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure. Bayan shi ga masu asma, da ciwon sukari, da farfaɗiya, da ciwon ƙoda ko na zuciya, dukkansu a ido lafiyayyu ne.

Malamai ba su bukatar a koya musu hukuncin irin wannan. Babu littafin fiƙihu da ake karantawa a zaurukan Kano wanda bai zo da babin sauƙi ga majinyaci ba. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama, wanda azumi zai ƙara wa ciwo ya sha ya rama. Malaman Malikiyya kuma ba su ce sai ciwo ya kayar da mutum ba. Tsoron ƙaruwarsa ko jinkirin warkewarsa ya isa hujja, in an san haka ta hanyar jarrabawa ko faɗar likita masani. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Uwar Muminai Ummu Salama, sa'ad da ta yi ƙarar rashin lafiya, ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Duk alhajin da ya je Makka ya ga kekunan da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a ɗawafi da Safa da Marwa. In an yi wannan sassauci a farilla, wadda ita ce hakkin Ubangiji, ina dalilin tsanantawa a layin lilo? Abin da malamai ke kira ruhusa, da rahusar da 'yan kasuwa ke yi wa mai saye, asalinsu ɗaya ne a Larabci, watau sauƙaƙawa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambanci ga naƙasassu. Ta ce a layi su za a fara dubawa, in da hali ma a sallame su ba tare da sun shiga layin ba. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Ta kuma fassara naƙasa da tawaya mai daɗewa a jiki ko hankali ko ji da gani, wadda ke hana mutum shiga sha'anin jama'a daidai da kowa. Mai dubawa da adalci zai ga ba ta ce sai tawayar da ido ke gani ba.

Sai dai masu wuraren wasa suna da tasu hujja, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai zama marar lafiya. Wannan ya faru a Amurka, a gidajen wasa na Disney, waɗanda suna cikin mafi girma a duniya. Da can akwai katin da ke shigar da naƙasasshe da iyalinsa ba jira. Sai labari ya fito a 2013 cewa waɗansu masu kuɗi na hayar naƙasassu su raka su don su tsallake layi. A watan Oktoba na shekarar aka soke katin, aka kawo wata dabara: a dubi tsawon jiran layi, a ba mutum lokacin da zai dawo, ya je ya jira inda ya fi masa sauƙi. A 2024 kuma aka ƙara ƙuntata tsarin, har masu ciwon jiki da yawa suka rasa shi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, maƙaryaci ya ci, mai gaskiya ya biya.

Amma dabarar nan ta ba da lokacin dawowa ita ce ta dace da Kano, domin ba ta tauye kowa. Yaro bai tsallake kowa ba, jiransa ya yi, sai dai a inuwa. Kafa ta ba ta bukatar abu mai yawa: rumfa guda kusa da ƙofa, da benci, da randa ko jarkar ruwa, da ma'aikaci ɗaya mai hankali riƙe da littafi da agogo. A rubuta sanarwa da ajami da boko a kafa a ƙofa, don mai bukata ya san inda zai nufa. A bar majinyaci ya shiga da ruwansa da maganinsa, ko da an hana shiga da abinci. A kuma yi abin cikin rufin asiri, gama iyaye da yawa na ɓoye ciwon 'ya'yansu, musamman mata, saboda tsoron abin da za a faɗa ran da manema suka zo. Ba daidai ba ne a tsai da yarinya gaban taro ana tambayarta sunan cutarta.

Dangi su ma akwai nasu. Kada a bari sai ran Sallah, sa'ad da ma'aikata ba su jin kira. A je tun da kwana biyu ko uku, a nemi mai wurin ko manajansa, a tafi da katin asibitin da yaron ke zuwa, ko na Murtala ne, ko na Hasiya Bayero, ko na Malam Aminu Kano. A faɗi bukata a fili: wurin zama a inuwa, da izinin shiga da ruwa, da lokacin dawowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zaɓi safiya ko bayan la'asar, ko kuwa a bari sai taro ya ragu. A tambayi likita irin wasan da bai kamata yaron ya yi ba, musamman shiga ruwan sanyi. Kada kuma a mai da majinyaci tsani, a jero yaran unguwa goma a bayansa; mai rakiya ɗaya ko biyu sun isa.

Saura malamai. Su ne ake jin maganarsu a tafsirin azumi da huɗubar Idi, daidai lokacin da ake shirin wannan fita. Kalma biyu ta isa: a gaya wa mai wuri cewa sauƙaƙa wa majinyaci sadaka ce, kuma kasuwa ce, domin gidan da aka mutunta ɗansu za su dawo baɗi. A gaya wa jama'a cewa wanda ya ƙaƙaba wa ɗansa lafiyayye ciwon ƙarya don ya wuce layi ya ci hakkin marasa lafiyar gaske, ya kuma koya wa ɗansa ha'inci ran Idi. Makarantun allo ma ba su rasa irin waɗannan yara, kuma malamin da ya san almajirinsa mai ciwon ƙashi bai kamata ya aike shi cikin garjin rana ba, shi ya fi kowa cancantar faɗin wannan magana.

Yaro mai ciwon da ba ya rabuwa da shi ya riga ya rasa abubuwa da yawa cikin shekararsa, kwanakin makaranta da wasan ƙwallo da barcin dare. Yinin Sallah guda bai kamata ya shiga cikinsu ba saboda rashin benci da inuwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.