Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari

Akwai wata magana da a kan ji a bakin waɗansu daga cikinmu in an tsawata musu saboda wani abin da suka yi. Sai mutum ya ce, "Ai kaina na cuta, ban cuci kowa ba." Ni kuwa a ganina babu zunubin da ke tsayawa a kan mai shi kaɗai, Littafi Mai Tsarki kuma ya nuna mana haka sarai.

Mu dubi Littafin Joshuwa, sura 7. Sa'ad da Isra'ilawa suka ci Yariko, an hana kowa ya ɗebi ganima domin kansa. Wani mutum ana ce da shi Akan, na kabilar Yahuza, ya ga wata kyakkyawar riga ta ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50. Ya kwashe, ya binne a cikin alfarwarsa, ba wanda ya gan shi. Bayan wannan aka aiki mutum wajen 3,000 su ci wani ƙaramin gari mai suna Ai, sai mutanen garin suka fatattake su, suka kashe wajen 36. Waɗannan mutane ko da ido ba su ga rigar ba, amma su suka fara biyan bashinta da rayukansu.

To, 'yan'uwa, mu da muke koyon aikin malanta, tamu rigar Babila tana jiranmu a makarantun da za a tura mu. Za a danƙa mana kuɗin littattafan yara, mu ce bari mu ranta kaɗan kafin albashi. Ɗan wani babba zai faɗi jarrabawa, a roƙe mu mu ɗaga shi. Ran kasuwa za mu so mu sallami yara tun da hantsi. Kowanne cikin waɗannan ƙarami ne a ido, amma wa zai biya? Yaron da ya zauna wata uku ba littafi, da ɗan talakan da aka ture daga matsayinsa, da ikilisiyar da mutanen gari za su riƙa nunawa da baki suna cewa, "Ga irin malamansu."

Wani zai ce ai Allah mai gafara ne. Gaskiya ne, babu shakka. Amma gafara dabam, sakamako dabam. A cikin 2 Sama'ila, sura 12, Dawuda ya amsa laifinsa game da Uriya, annabi Natan ya shaida masa an gafarta masa, duk da haka yaron da aka haifa ya mutu, fitina kuma ba ta rabu da gidansa ba. Ban ce kowace wahala horo ce ba, gama Ayuba ya sha wuya ba da laifinsa ba. Abin da na ce shi ne tuba ba ta ta da Uriya daga kabari ba.

Saboda haka amfanin gargaɗi kafin aiki ne, da na sani ƙeya ce. Duk ran da hannu ya miƙa ga abin da ba namu ba, kada mu tsaya tambayar ko wani zai gani. Mu tambayi kanmu a kan wa abin zai faɗa. Allah shi ba mu ikon tsayawa a kan amana, amin.