Filin Kiɗa: Sirrin kukan jitar Jimi Hendrix

Kwanan baya na leƙa wani situdiyo a Kano, na tarar da wani makaɗi ya na ta fama da fiyano har da gumi. Ashe furodusa ne ya kawo masa bidiyon Jimi Hendrix, ya ce irin wannan kukan jitar ya ke so a wurin faɗa a fim ɗin sa. Bawan Allah ya danne duk wani maɓalli mai sunan jita, amma abin da ke fitowa sai ka ce kukan sauro.

Bidiyon na bikin Woodstock ne a Amurka, inda Hendrix ya yi wasa da safiyar Litinin, 18 ga Agusta, 1969. Farar Fender Stratocaster ya riƙe. Shi bahago ne, jitar kuma ta 'yan dama ce, sai ya kifa ta, ya sauya jerin tsirkiyoyin. Ya kan kuma sassauta tsirkiyoyin rabin mataki, sautin ya ƙara kauri, su yi daɗin ja da yatsa.

Daga jita waya ta kan bi ta ƙananan na'urori uku da ake takawa da ƙafa: Vox mai sa jita ta ce "wa-wa", sai Fuzz Face mai sa ta gurnani, sai Uni-Vibe mai sa sauti ya riƙa kaɗawa. Daga nan sai amfilifaya Marshall mai wat 100. Irin wannan ba ta fara gurnani sai an ƙure mata ƙara, shi ya sa lasifika ke kuka, irin wanda mu ke toshe wa kunne a wurin biki. Hendrix kuwa da gangan ya ke matsawa kusa da lasifikar, ya mai da kukan kiɗa.

To, mai ƙaramar amfilifaya fa? Shawara ta, ka sa bes a 4, tsakiya a 7, tirebul a 6, ka ƙara ƙarfi har sautin ya fara ɗan dishewa, ka tsaya nan. Ka murɗa Fuzz Face kusan ƙarshe. Sauran aikin ya na kan maɓallin ƙara na jikin jitar: a 10 ta yi ruri, ka dawo da shi 6 ko 7 ta washe tas. Wannan hawa da sauka da ɗan yatsa ke yi ana cikin kiɗa, shi ne fiyano ya kasa.

Kada wani ya ce abin na Turai ne kawai. Ga Mdou Moctar nan na Nijar, shi ma bahago mai Stratocaster. Jitar sa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma a Sakkwato ya naɗi kundin sa na farko a 2008. A 2015 har fim ya fito a ciki. Ka ga ke nan hannu ya riga kaya.

Don haka furodusoshin mu, in jita ku ke so, ku ware kuɗin mai jita, ku daina ɗora wa mai fiyano laifi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.