Mai Sauraron Masu Ƙuncin Zuciya, Da Rabon Malamai A Cikin Aikinsa

Yau za mu yi magana a kan wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuwa sami tsayayyen suna a bakinmu ba tukuna. Ita ce sana'ar mashawarcin lafiyar hankali, watau mutumin da aka koya wa zama da wanda zuciyarsa ta ƙuntata, ya saurare shi, ya taimake shi da magana har ya ga hanya.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne dokar lafiyar hankali wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Janairu na 2023. Ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta tun 1916 ne, zamanin da hukuma ba ta san abin yi da mai taɓin hankali ba sai tsarewa. Sabuwar ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa da mutuncinsa, ta yi umurni a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kuɗi domin wannan aiki. Madalla. Amma fa doka a takarda take, ba ta da kunne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka, bisa abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa cikin 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba, mutanen ƙasar kuwa sun haura miliyan 200. Asibitocin Gwamnatin Tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ina mutumin ƙauye zai sami kuɗin mota, balle na kwana?

Sai a bambanta tsakanin mutum biyu. Likita shi ke duba cuta ya rubuta magani. Mashawarci ba ya rubuta magani, kayan aikinsa kunne ne da harshe da haƙuri. A ɗauki misalin ɗan kasuwa wanda dukiyarsa ta salwanta, irin abin da ya sami mutane da yawa a gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliyar Kantin Kwari a 2022. Kayan da suka tafi rabinsu na mutane ne. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, ya daina fita jam'i don kada ya haɗu da masu binsa bashi. Wannan mutum ba mahaukaci ba ne, ba kuwa lafiyayye ba. Mashawarci zai zauna da shi kusan sa'a guda, mako bayan mako, ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da tsawa ko wa'azi ba. Sa'an nan su warware damuwar zare zare: wane bashi ne na gaggawa, wa za a fara tunkara, wane tunani ne ke zuwa masa da dare, kuma gaskiya ne ko waswasi. In ya ga alamar mutumin yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana maganar halaka kansa, to, nan iyakarsa ta zo, sai ya miƙa shi ga likita ba da jinkiri ba.

Kada malamanmu su ɗauka wannan ilmi baƙo ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi babi babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu, mai sananne dalili kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauka wa mutum ba dalili. Na farko ya ce a bi shi da magana da gyaran tunani, na biyu kuwa yana da tushe a jiki, sai an haɗa da magani. Rabon aikin da ke tsakanin mashawarci da likita a yau ke nan, an rubuta shi fiye da shekara dubu da suka wuce. Kuma duk wanda ya karanta sira ya san shekarar da aka kira Shekarar Baƙin Ciki. Saboda haka wanda ya ce wa mai ƙunci rashin imani ne ke damunsa, lalle ya yi gaggawar hukunci.

Nauyin sana'ar yana da yawa, kuma mafi girmansa amana. Mace za ta faɗa wa mashawarciya abin da ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba, gobe sai ga miji ko suruka a ƙofa suna cewa, mu muka biya kuɗin, sai a gaya mana. Ba ta da ikon faɗa, ko da za a zage ta, sai fa in rai na cikin hatsari. Bayan wannan akwai gajiyar zuciya. Waɗanda suka yi aiki a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, kamar ma'aikatan Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu, sun yini suna jin labarin kisa da sacewa daga bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu. Mai wankin rauni ana ba shi safar hannu, mai sauraro ba shi da ita, abin da ya ji da shi zai koma gida. Don haka ƙa'idar sana'ar ta wajabta masa ya riƙa zama da wani na gaba da shi a ilmi yana sauke nasa kayan, in ba haka ba zuciyarsa ta bushe ko ta karye. Albashi kuwa kaɗan ne, gama mutanenmu sun saba biyan kuɗin ƙwaya da allura, amma a ce a biya kuɗin magana, sai su yi dariya. Har yanzu akwai gidajen da za su yi jinkirin ba mutum aure don an ce da mahaukata yake aiki.

To, ina rabon malamai? Gaskiyar magana ita ce, a ƙasar Hausa mai taɓin hankali zauren malam ake fara kai shi, asibiti sai an rasa yadda za a yi. Wannan girma ne, kuma nauyi ne. Ba mu manta ba da watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, ba a jima ba aka sami irinsa a Daura. Malamai da yawa sun yi tir, suka ce wannan ba makarantar allo ba ce, kuma sun yi gaskiya. Amma mu tambayi kanmu abin da ya kai iyaye ga miƙa 'ya'yansu can. Yaro ya kama shan kodin ko tiramadol, ya fi ƙarfin gida, ba mashawarci a garin, ba asibiti kusa. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. An rufe gidajen mari, iyayen suna nan da matsalarsu.

Akwai hanyar da aka gwada a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu magani na gargajiya da na addini suna aiki tare. Majinyatan da aka haɗa musu hannu biyu sun fi samun sauƙi. Ba a ce wa kowa ya bar addu'a ba.

Ladan wannan sana'a ba a ganinsa da wuri. Mashawarci yakan yi wata uku da mutum bai ga canji ba, ran nan sai ya ji an ce ya buɗe rumfa, ko ya wuce ta masallaci ya hango shi a sahu. Sau da yawa ma wanda ya warke ba ya son a san ya taɓa zuwa, in sun haɗu a hanya sai ya kau da kai, mashawarci kuma ya kau da nasa don rufa masa asiri.

Ga abin da muke gani mai yiwuwa ne tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koyarwa tun 2008 wanda ake horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, su gane alamu su san lokacin miƙawa. Gwamnatocin jihohi su buɗe irin wannan ƙofa ga limamai da alarammomi da malamai mata na Islamiyya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma, da suke tara kuɗin masu gadi da na shara, su ware ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, mai ƙofar da ba ta kallon jama'a, su ɗauki mashawarci ko da kwana biyu ne a mako, su biya shi.