Sauka Ba Ita Ce Ƙarshen Karatu Ba

 Ya ku jama'ar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, wani dattijo maƙwabcina ya zo mini da tambaya. 'Yarsa ta yi karatun jinya, tana aiki a asibiti, ga shi tana so ta tafi jami'a neman ƙari, shi da mijinta kuwa suna ganin ya isa haka. Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan, domin ba gidansa kaɗai ake wannan shawara ba.

Mu malaman allo mun san wannan al'amari. Yaro ya sauke Alƙur'ani, an yanka rago, an yi walima, amma ba mai kiransa malami tukuna. Sai ya ɗauki Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in yana da himma ya kai Muhtasar. Sa'an nan ne ake shimfiɗa masa buzu ya karantar. To, haka jinya take. Wanda ya fita daga makarantar jinya ta Gusau, ya ci jarrabawar hukumar nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya, ya sauke ke nan. Bayan wannan akwai digiri na farko, kamar wanda ake yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sai digiri na biyu da na uku, waɗanda ake samu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Masu wannan zurfi su ke karantar da na baya, su shugabanci ɗakunan majinyata, su binciki asalin cuta. In babu su, ko an gina makarantar jinya, wa zai hau buzu?

Ku duba abin da ya same mu. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙasar Zurmi, irin wanda allurar da aka yi wa jama'a a baya ba ta tsare shi. Ya bazu har Sakkwato da Katsina da Kabi, kafin ya lafa cikin 2017 ya ɗauki rai fiye da 1,000. A 2024 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana da tamowa. Irin wannan ba iya allura kaɗai yake so ba. Yana son wanda zai lura da masu zuwa asibiti, ya rubuta, ya gane annoba tun tana ƙauye ɗaya. Baƙo kuwa, komai kirkinsa, ranar tafiyarsa tana nan, balle yanzu da 'yan bindiga suka sa hanyoyinmu abin tsoro. Ɗan gari shi ne mai zama.

Wani zai ce wannan ilimin boko ne, kuma mace ce. Sai mu ce, Imamu Gazali ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya, watau in gari duka ya bar shi, kowa ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi wallafa a kan magani. Rufaida Al'aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Nana Asma'u kuwa ba ta tsaya ga karatun kanta ba, sai da ta horar da jajis suka kai ilimi ƙauyuka. Abin mamaki, mutumin da ke ƙin namiji ya karɓi haihuwar matarsa, shi ne kuma ke hana 'yarsa ta ƙware. Ba a cin biyu.

Amma akwai sharaɗi. Ku masu tafiya karatu, ku sani takardar nan tana buɗe ƙofar Ingila da Saudiyya, kuma da yawa sun bi ta ba su waiwayo ba. Ba mu haramta wa kowa neman halalinsa ba, sai dai wanda aka sayar da gero da akuya aka karantar da shi, ƙasarsa tana binsa bashi. Hukuma kuma ta ba ma'aikaci hutun karatu da albashinsa, bisa alkawarin zai komo ya yi aiki a gida, in ya komo a ba shi muƙamin da ya dace da iliminsa. Attajirai masu maimaita Umra kowace shekara, ɗaukar nauyin ɗaliba ɗaya sadaka ce mai gudana.

Na ce wa dattijon nan ya sa mata albarka, ya nema mata masauki na mutunci, ya bar ta ta tafi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.