Doki Ba Ya Yanga da Abinci

Idan doki ya soma shinshina dusa yana kau da kai, masu barga sukan ce yanga ya koya, sai su ƙara masa kanwa. A ganina, wannan gaggawa tana rufe ciwo ne kawai.

Dokin da ke sake yakan shafe kusan sa'o'i 16 a rana yana kiwo, domin tumbinsa ƙarami ne, kuma ba ya daina fitar da ruwan tsami ko da babu komai a ciki. Wanda aka ɗaure a turke ana ɗura masa gero don ya yi ƙiba kafin hawan sallah yana iya kamuwa da gyambon ciki, ƙin hatsi kuwa na cikin alamominsa. Haƙoransa na tauna ma ba sa daina fitowa. Idan gefensu ya yi kaifi sai su yanki kunci, ka ga yana zubar da loma.

Saboda haka a fara kiran likitan dabbobi ya duba shi. A tabbatar abincin bai yi fumfuna ba. A yawaita harawa, a rage hatsi, kuma kowane sauyi a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.